Kafin Ku Tafa wa Ɗan Fashin Teku

Ƙannena samari da 'yan mata na Magarya da Dungas, akwai wata gardama da ke yawo a fadodinku na shan shayi, kuma ina so in sa baki a cikinta. Gardama ce a kan labaran 'yan fashin teku na zamanin da, irin waɗanda ake cakuɗa su da tsafi da aljanu da gawawwaki masu tafiya da ƙafarsu. Wani fim aka tura masa a waya, wani a lakwal ya karanta da Faransanci, wani kuma littattafan yaƙi na Kano ne suka fara jan hankalinsa har ya kai ga waɗannan. Daga Bande har Malawa babu wanda ya tashi a bakin teku. Ruwa mafi girma da yawancinku suka sani shi ne tabkin da ke cika da damina ya ƙafe kafin bazara. Amma in ka ji ɗan Kwaya yana bayanin yadda ake harba igwa daga wannan jirgi zuwa wancan, sai ka rantse a Kwatano aka binne cibiyarsa.

Masu gardamar sun kasu. Akwai masu cewa duk sharholiya ce, ƙarya ce tsagwaronta, kuma tana iya jan yaro ga yarda da boka. Akwai masu cewa ai labari daɗi ake nema a cikinsa, ma'auninsu kuwa shi ne mutum nawa jarumi ya sare, da kuma ko an soma gwabzawa tun shafin farko. Sai wasu 'yan kaɗan, yawancinsu 'yan lise, masu cewa da za a cire tsafin a bar tarihi zalla da labarin ya gyaru.

Ni ban bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Aljanin da marubuci ya ƙaga ba shi ne abin tsoro a irin waɗannan labarai ba. Kowa ya san ƙage ne. Yaron da bai kai shekara 10 ba ma, in ya ga takobi yana ba jirgi umarni, ya san an shiga tatsuniya, kamar yadda ya sani tun ranar da kakarsa ta fara ce masa ga ta nan ga ta nanku. Ƙaryar da nake jiye muku ita ce wadda ba ta da ƙaho ba ta da wutsiya, wadda ke zuwa da sunan mutumin da ya taɓa rayuwa, da shekarar da aka yi abin, da sunan gari na gaske, sannan a wanke ɓarawo tas a miƙo muku shi a matsayin gwarzo. Mai tsintar wake ba ta damuwa da babban dutse, da ido ɗaya take ganinsa ta jefar. Ƙaramar tsakuwa mai kalar wake ita ke karya haƙori.

Masu cewa gauraya tarihi da aljanu baƙon abu ne a wurinmu su koma baya kaɗan. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, littattafan da suka yi nasara suka fito a 1934. A cikinsu akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara: jarumin ya fara da yaƙar Turawa a zamanin Gwamna Lugga, da sunayen garuruwa da sarakunan da kowa ya sani, daga nan ya nausa gabas shi da ɗansa Garba Gagare, suka faɗa ƙasashen da sai a mafarki. Rabin farko ƙafarsa na ƙasa, rabin baya yana sama. Akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam ya yi ta yawon duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana karo da Malam Zurƙe a kowace kwana. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, daga labarin wani jarumin Rasha aka aro shi, aka sa masa riga da rawani. Littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da kuke saurare ana karantawa a waya, jikokin waɗancan ne. Saboda haka ba zan ce ku daina ba. Iyayenku da suka yi boko da irin wannan suka koyi son karatu, kuma yaron da ya saba gama littafi mai shafi 200 saboda daɗin labari, gobe littafin lissafi ba zai ba shi tsoro ba.

Malamanmu da ke jan kunne a kan tsafi suna da gaskiyarsu a wuri guda: in har saurayi ya rufe littafi ya tafi neman layar ɓata ko maganin ƙarfe wurin boka, to ya fita daga karatu ya shiga wani abu dabam, kuma wannan ya cancanci faɗa. Sai dai a sanina ba littafi ke kai mutane wurin boka ba. Mafi yawan masu zuwa can ba su taɓa buɗe Ganɗoki ba.

Yanzu bari in nuna muku tsakuwar.

Da yawanku kun ga fim na huɗu a jerin Pirates of the Caribbean, wanda ya fito a 2011, inda Jack Sparrow ya haɗu da wani shugaban 'yan fashi mai baƙin gemu, suna neman maɓuɓɓugar ruwan da ke mayar da tsoho yaro. An ɗauko ƙashin bayan labarin daga littafin da Ba'amurke Tim Powers ya fitar a 1987. Neman ruwan warkarwa a ƙarshen duniya kuwa ba sai an yi wa mai karatun Ruwan Bagaja bayani ba. Jack Sparrow ƙage ne. Ruwan ƙage ne. Amma mai baƙin gemun nan mutum ne na gaske, sunansa Edward Teach, Turawa na kiransa Blackbeard, kuma sojojin ruwan Ingila suka kashe shi a gaɓar Amurka ranar 22 ga Nuwamba 1718. Jirginsa ma na gaske ne, an gano ɓaraguzansa a ƙarƙashin ruwa a 1996.

Abin da fim bai tsaya ya gaya muku ba shi ne asalin jirgin. Kafin ya shiga hannun Teach sunansa La Concorde, jirgin fataucin bayi ne na wani attajirin birnin Nant a Faransa. A 1717 ya tsaya a Wida, garin da ke gaɓar teku a Jamhuriyar Benin ta yau, ba nisa da Kwatano, ya lodi mutum 516, maza da mata da yara. Ku tsaya ku auna wannan adadi. Ƙauye guda ne cur, da limaminsa da ungozomarsa, aka jera a ƙasan jirgi cikin mari, wuri mai duhu da zafi inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Mutum 61 suka mutu a hanya aka jefa su ruwa. Saura kaɗan a isa tsibirin Matinik, a ƙarshen Nuwamba, sai 'yan fashi suka tare jirgin. In da a fim ne, nan ne za a buɗe mari, a yi kiɗa, bayi su rungumi masu cetonsu. A zahiri Teach jirgi yake so, don babba ne mai gudu, kuma akwai wurin ɗora igwa da yawa. Ya ɗebi waɗanda ya ga dama cikin mutanen, ya sauke sauran a wani tsibiri tare da Faransawan, ya bar musu ƙaramin jirgi. Da wannan ƙaramin jirgi kyaftin ɗin Faransawa ya kwashe su zuwa Matinik, aka sayar da su kamar yadda aka yi niyya tun farko.

Na Bartholomew Roberts ya fi wannan muni, shi da ake cewa ya fi kowa kama jirage a zamaninsa. Shi kansa a jirgin bayi yake aiki lokacin da 'yan fashi suka kama shi a gaɓar Gana a 1719, cikin 'yan makonni ya zama shugabansu. A Janairun 1722 ya shigo Wida, ya tarar da jirage 11, ya ce kowanne ya biya fansa da garin zinariya. Duk suka biya sai kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine. Sai mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta. A cikinsa akwai bayi kimanin 80, an ɗaure su bibbiyu da sarƙa, kuma ba a tsaya kwance su ba. Wanda ya zauna wuta ta ci shi, wanda ya faɗa ruwa da ɗan'uwansa a ƙafa kifaye suka ci shi. Bayan wata guda jirgin yaƙin Ingila ya kashe Roberts a gaɓar Gabon. Aka kai mutanensa Cape Coast aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Baƙaƙen fatar da aka samu a jiragensa, su fiye da 60, ko shari'ar ma ba a yi musu ba, sayar da su aka yi.

Ba na son in yi irin abin da nake hana ku, wato in ɓoye rabin magana. Akwai dalilin da ya sa mutane ke son waɗannan 'yan fashi. Yawancinsu talakawan ma'aikatan jirgi ne da suka gaji da bulala da yunwa da cin albashi. A jiragensu su ke zaɓen shugabansu, su tsige shi in ya gaza, suna da rubutacciyar ƙa'idar rabon ganima, wanda ya rasa hannu ko ƙafa a ba shi diyya. Akwai bayin da suka gudu suka samu wurin zama a cikinsu. Duk wannan gaskiya ne, kuma marubucin da ya gina labari a kai bai yi laifi ba. Laifin yana wurin wanda ya nuna maka adalcin da suke yi a junansu, ya rufe maka ido daga abin da suke yi wa wanda ba nasu ba. Taswirar nan mai alamar inda aka binne dukiya kuwa, Robert Louis Stevenson ne ya yaɗa ta da littafinsa Treasure Island na 1883. 'Yan fashin gaske, in ka cire irin su William Kidd, ba sa binne kuɗi, a giya da caca suke ƙarar da su.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da abin da aka yi a teku shekara 300 da suka wuce? Ruwanmu shi ne, mutanen da ke ƙasan jirgin nan ba su da suna a fim, kuma in an saba kallon labari ta idon mai takobi, sai a wayi gari ana kallon duniya haka. Aisha Maki, 'yar Damagaram, ta yi fim na gaskiya mai suna Zinder a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara. A cikinsa akwai ƙungiyar da ta sa wa kanta suna Hitler, har da tutarsa a bayan babur, saboda sun ji an ce wani jarumi ne da ba a cin shi da yaƙi. Ba su san mutumin ya ɗauki baƙar fata ƙasa da mutum ba. Ba aljani ne ya ruɗe su ba, rabin labari ne. Haka nan ku dubi yamma da mu, Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi, inda ɓarayin daji ke ɗora wa ƙauye kuɗi, in bai biya ba a ƙone rumbunansa, a kwashi mata da yara sai an kawo fansa. Me ya raba wannan da abin da Roberts ya yi a Wida, in ban da rashin ruwa? Amma ga su nan a TikTok suna baje kuɗi, dubban matasa na binsu, har waƙar yabo an yi wa wasu. Wanda ya sayar da shanunsa da gonarsa ya karɓo 'yarsa ba ya cikin hoton.

Shawarata gare ku ba ta da wuya. Duk inda labari ya ambaci mutum ko gari ko shekara ta gaske, ku ɗauki minti biyar ku bincika a wayar nan da ke hannunku. Sannan duk inda jarumi ya samu dukiya, ku tambayi kanku ta wace ce kafin ya same ta. Marubucin kirki ba ya tsoron wannan tambaya, sau da yawa ma shi ke fara yin ta. Ku dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito tare da su Ganɗoki. Shi ma akwai hari da tafiya mai nisa da ƙetare hamada, amma ya zaɓi ya bi sawun yaron da aka sace da uwar da ta fita nemansa har ta faɗa bauta ita ma. Bayan shekara 90 har yanzu ana karanta shi da ƙwalla.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, kun san sunan jirgin Blackbeard, amma kaɗan daga cikinku suka taɓa jin sunan Dorugu. Yaro ne ɗan Dambanas, kusa da Kance, maƙwabtanmu na nan kusa. An haife shi wajen 1840. Yana ɗan shekara 11 ko kusa da haka mayaƙan Damagaram suka kama shi, aka bi da shi Zinder, aka kai shi Kukawa ta Barno aka sayar. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu sai ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, suka je har Tumbutu suka dawo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus a 1855. Nan ɗan Dambanas ya hau jirgin ruwa na gaske, ya ƙetare teku na gaske, ya ga Faransa da Landan da Jamus. Ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin labaran rayuwa na farko da aka rubuta daga bakin Bahaushe da boko, kuma Hausar yankin nan ce. Ya rasu a Kano a 1912. Ga kamu, ga bauta, ga hamada, ga teku, ga dawowa gida. Wane ƙagaggen labari ne ya fi wannan?

Kuma ku lura da wanda ya kama shi. Ba Bature ba ne. Muna alfahari da Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwar Zinder, ya sa aka ƙera igwa a gida, ya mai da Damagaram daular da ake shakka daga Barno har Kano. Alfaharin yana kan hanya. Amma ayarin da ke tafiya Tarabulus a wancan ƙarni ba fatu da gashin jimina kaɗai yake ɗauka ba, har da mutane. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna a Zinder a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ya ga an shigo da kamammu bayan hari, kuma daga garuruwan da ke ƙarƙashin sarkin aka kwaso su. Dungas da Waca da Mirya, ƙasashen Sosebaki, a wancan ƙarni suka shiga hannun Damagaram. Lokacin da Ahmadu Kuran Daga ke kai wa Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu, ƙasarmu ce ke tsakani. Duk rundunar da ta wuce sai ta ci, kuma ba daga rumbun sarki take ci ba.

Wasu sun riga sun nuna cewa ana iya yin labari da wannan tarihi. Andare Salifu, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa a yau, ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, sannan ya yi wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Abdullahi Mamani, wanda a Zinder ya tashi, ya fitar da Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da tsafinta da kibanta da komai. Med Hondo ya mai da shi fim, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya ƙara gishiri, ya girmama ta fiye da 'yan layukan da rahotannin Faransawa suka ba ta, kuma ban ga laifinsa ba, domin bai wanke masu ƙona Birnin Ƙonni ba. Waɗannan hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, in ana neman 'yan fashin tudu masu tutar gwamnati, ba sai an je nesa ba. Sojojinsu ne suka harbe su a yankin Tasawa, ragowar rundunar ta ƙaraso ta ci Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899.

Sai dai Salifu da Mamani duka da Faransanci suka rubuta, kuma labarin manya suka bayar. Na ƙauyukanmu yana nan ba a taɓa ba. Cikinku akwai masu rubutu a waya suna turawa a WhatsApp, na ga wasu, kuma akwai masu hannu. Amma kusan kullum jarumin yana wata ƙasa mai suna irin na Larabawa ko Hindu, a zamanin da babu shi a kowace kalanda. Me zai hana ɗan Dogo-Dogo ya kafa labarinsa a kan hanyar fatake daga Zinder zuwa Kano, da madugu da jaki da zango, da 'yan fashin da ke laɓe a kurmi? Ya sa aljanar kuka in yana so, ya sa rijiyar da ke magana, ya sa mahaukacin doki. Ba wanda zai ce masa don me. Abin da kawai nake roƙo, in ya kawo harin da aka kai wa gari, ya shiga cikin garin ya ba mutanensa suna, ya nuna mana matar da ta bar tuwo a kan wuta.

Kayan aikin suna bakin tsofaffi, kuma kullum raguwa suke. Bana in an gama girbi, aiki ya yi sauƙi, ku cika waya da caji ku je gaishe su, a Yekuwa ne ko Sassumburum ko Guci. Ku tambayi yadda aka kafa garin, da inda ake gudu a ɓuya in an ji ƙarar tambari, da waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba. Ku yi da ladabi, kuma abin da ya shafi asalin wani gida ku bar shi a cikinku, ba na yaɗawa ba ne. Maroƙan fada za su ba ku na sarakuna ko ba ku tambaya ba. Ku fara da tsohuwar gidanku, ita ta fi kusa, kuma ita ce ba a cika tambaya ba.